Motata ta daina kashe kanta a danja, batir ne?

Tambaya: Malam, na sayi Golf 'yar Kwatano mai kashe injinta idan na tsaya a danja, ta tashi da na saki birki. Yanzu ta daina. Mai gyaran wuta ya auna batir ya ce lafiyarsa ƙalau, amma in ina so ya sa mini na kasuwa mai arha. In yarda? Mai karatu daga Kaduna.

Amsa: Kada ka yarda tukuna, ɗan'uwa. Kwamfutar motar ce ke hana injin mutuwa idan ta ga batir ya yi rauni, don kada ta bar ka a tsakiyar titi. Wani lokacin kuma AC ce ke jan wuta da yawa a zafin rana, don haka ka gwada da sanyin safiya tukuna.

Auna volt kaɗai ba ya wadatarwa. Cikakken batir da ya huta yana nuna kusan 12.6 zuwa 12.8, ƙasa da 12.4 kuwa yana neman caji. Sai dai batir na iya nuna volt mai kyau alhali ƙarfin tayar da inji ya ƙare. Ka sa a auna shi da na'urar da ke gwada CCA, wato ƙarfin wutar da batir ke bayarwa don tayar da inji, a zaɓa mata nau'in batirin da lambar CCA da ke rubuce a jikinsa. In aka zaɓi wani nau'in daban, sakamakon ƙarya za ta ba ka.

Irin waɗannan motoci batirin EFB (na ruwa da aka ƙara wa ƙarfi) ko AGM (wanda ya fi EFB juriya) suke ɗauka, don an yi su ne su jure tashi da mutuwar inji ba adadi. Na kasuwa na gama-gari zai mutu da wuri, ka sake kashe kuɗi. Mai EFB na iya hawa zuwa AGM, mai AGM kuwa ba ya sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne matakin da yawancin masu gyara ke tsallakewa. A kan wayar negatif akwai ɗan firikwensin da ke ƙirga wutar da ke shiga da fita. A motocin Volkswagen, Audi da BMW, bayan canjin batir sai an jona na'urar bincike a ramin OBD, wato soket ɗin da ke haɗa na'ura da kwamfutar mota, an shaida wa kwamfutar cewa sabo aka sa. In ba haka ba, za ta ci gaba da yi masa caji kamar tsohon, ta rage masa kwana. Ka tambayi mai gyaran ko yana da na'urar kafin ya kwance ko da ƙusa ɗaya.