Amsa Ga Ɗana Game Da Ziyarar Kabarin Kakansa Da Neman Asalin Gidanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso gare ni, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Ka tambaye ni ko ya halatta ka ziyarci kabarin kakanka a maƙabartar Hausawa da ke nan Agege, ka kuma ce abin yana damunka idan ka ga abokanka Yarbawa suna nuna kabarin kakanninsu a cikin gida, da suna da shekarar rasuwa a rubuce, alhali kai ba ka san ko shiyyar da naka yake kwance ba. Daga nan ka nemi in faɗa maka ta inda za ka fara binciken asalin gidanmu tun kafin zuwanmu Ikko.

Ziyarar kabari ba halas kaɗai ba ce, abu ce da ake so. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da ya hana ziyarar kaburbura, amma yanzu a ziyarce su, kuma shi da kansa yakan je Baƙi'a a Madina ya yi wa mamata addu'a. Idan ka shiga sai ka yi musu sallama, ka ce mu ma in Allah ya so masu riskarku ne, ka roƙa mana da su lafiya da gafara. Kada ka taka kabari, kada ka zauna a kansa, kada ka ɗaga murya da kuka, kuma abin da ya fi komai muhimmanci, kada ka roƙi mamaci wata buƙata, domin shi ne yake jiran addu'arka. Game da ko matarka za ta bi ka, malamai sun yi saɓani a kan ziyarar mata, don haka ka tambayi malamin da kake karatu a wurinsa.

Batun rashin suna a kan kabari kuwa, kada ka ɗauka sakaci ne ko rashin ƙauna. An ruwaito hani a kan yi wa kabari shafe da yin gini a kansa, kuma a kan wannan iyayenmu suka tashi. Abin da suka sani shi ne a rufe mamaci da itace ko fasassun tukwane, a tara ƙasa, a kafa ɗan dutse ko guntun ice a wajen kai domin shaida, kamar yadda Annabi ya ajiye dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'unu. To, irin wannan alama ba ta jure ruwan saman Ikko. Damina kaɗan ƙasa za ta zauna, ciyawa ta rufe, kuma ka san yadda fili yake da tsada a garin nan, kaburbura suna matse da juna. Saboda haka zan faɗa maka gaskiya tun yanzu: zan iya kai ka shiyyar da muka rufe shi, amma ba zan iya dafa wani tudu in rantse cewa nan ne ba. Kada wannan ya ɓata maka rai, domin addu'a tana isa ga mai ita ko daga ɗakinka ka yi ta. Su kuma maƙwabtanmu Yarbawa al'adarsu ce ta daban, a cikinsu akwai surukanmu da abokan sallarmu, ba na son in ji ka aibata su.

Yanzu ga inda nake so ka tattara hankalinka. Kabari yana tunatar da mutum lahira, amma ba ya ba da labari. Tarihin gidanmu yana bakin tsofaffin da ke raye, kuma kullum raguwa suke yi.

Zaman Hausawa a Ikko ba na jiya ba ne. A shekarar 1863 Bature Gulova ya kafa rundunar da ake kira dakarun Hausa, da yawansu bayi ne da suka tsere daga hannun iyayen gijinsu, kuma tarihin unguwar Obalende yana haɗe da zaman sojojin Hausawa. Gidanmu ba ya cikin waɗannan. Mu ta hanyar goro muka zo. Kafin jirgin ƙasa, fatake daga ƙasar Hausa, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan yi watanni a hanya da jakuna zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, neman goro. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma noman goro ya bunƙasa a Agege da kewayenta, sai harkar ta juyo nan, aka kafa zango, aka yi Sarkin Hausawa, masu masauki suka riƙa sauke baƙi suna haɗa su da manoma. Kakanka ya baro ƙauyensu a ƙasar Bebeji yana saurayi, ya sauka a gidan wani mai masauki yana ɗaurin huhu da tsintar goro, har Allah ya buɗa masa ya fara lodin nasa zuwa Arewa. Iyakar abin da na riƙe ke nan da tabbaci, domin maza a gidan fatauci hankalinsu yana kasuwa.

Wadda ta fi ni sani ita ce gwaggonka da ke Idi-Araba. Ita ta zauna da mahaifiyarmu a ɗaki har ta rasu, kuma a ko'ina tsofaffin mata su ne taskar dangi, su suka san wanda ya auri wance, da wadda aka saka, da ɗan da aka ba wa riƙo, da waɗanda suka sha nono ɗaya. Ka je mata da goro da turare, ka zauna a ƙasa, kada ka yi mata tambayoyi a jere kamar ɗan jarida. Ka ambaci sunan mutum ɗaya ka yi shiru, za ta ɗauko zaren da kanta. Idan ta yarda ka naɗi muryarta a waya, ka naɗa, sannan ka kwafe a littafi tun a daren.

Akwai tarkon da zan gargaɗe ka a kansa, wato sunaye. Saboda alkunya, mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na surukinta ko na ɗanta na fari, kuma yaron da aka sa wa sunan kaka sai a sakaya shi da Abba ko Baba ko Maikano. Ta haka mutum zai yi shekara saba'in a duniya jikokinsa ba su taɓa jin sunansa na yanka ba, ko kuma ka ji sunaye biyu ka zaci mutum biyu ne. Duk wanda aka ambata maka, ka nemi sunan yanka da laƙabi da sunan uba da sana'a. Haka nan sunan gari da ke bayan sunan mutum sau da yawa a makarantar boko aka maƙala shi, ba lallai ya zama tushensa ba. Ka tambayi irin askar da ke fuskar kakannin kakanka, domin tsagar Bagobiri daban take da ta Bakabe, ka kuma tambayi su wane ne abokan wasanmu, tun da ka san Kanawa da Zage-zagi suna wasa, Gobirawa kuma da Yarbawa. Shekaru kuwa tsofaffi ba su ƙirga su da lamba. Za ta ce maka an haifi wane lokacin yaƙin Hitila, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, ko shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, wato 1956, ko bayan canjin kuɗi zuwa naira a 1973, kai ne za ka mayar da su lissafi.

Akwatin ƙarfen kakanka yana wurina. A ciki akwai wasiƙun ajami da takardun haraji da fasfonsa na aikin Hajji, kuma a bangon Alƙur'aninsa ya rubuta ranakun haihuwar wasu daga cikinmu. Ka nemi wanda ya iya ajami sosai ku karanta tare. Gidajen adana takardun tarihi na Kaduna da Ibadan za su amfane ka wajen labarin gari da kasuwa, amma da wuya ka ga sunan talaka a takardun Turawa, don haka kada ka fara da can.

Abin da nake jin tsoro a irin wannan bincike shi ne son girma. Na ga mutane sun fara neman kakansu, kafin shekara ta zagayo sun ja salsalarsu zuwa gidan sarauta ko sharifai ba tare da hujja ba, alhali akwai gargaɗi mai tsanani a hadisi ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Abin da ka samu shi za ka rubuta. Idan ka tarar da maƙeri ko mahauci ko wanda aka kawo a matsayin bawa, ka rubuta shi da mutunci ka sa shi a addu'a, domin Allah ya faɗa a Suratul Hujurati cewa ya sanya mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna, kuma mafi daraja a wurinsa shi ne wanda ya fi taƙawa. Tirmizi ya ruwaito umarnin mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Wannan yana da nauyi, ɗana. Ranar da ka je ƙauyen nan ka gaida dagaci da liman aka nuna maka jikokin ƙanen kakanka, sun zama haƙƙi a wuyanka. Za a kira ka biki da rasuwa, wani zai turo ɗansa Ikko neman abin yi, kuma ba zai yiwu ka ce labarinsu kawai ka je ɗauka ba. Idan ka shirya ɗaukar wannan, ni zan raka ka.

Ka zo ranar Asabar da hantsi mu fara zuwa maƙabarta, daga can mu wuce Idi-Araba wurin gwaggonka. Tafiyar Bebeji kuma mu bar ta zuwa bayan Babbar Sallah, lokacin da 'yan ci-rani suke gida, ka tanadi tsarabar goro da sabulu da atamfa ga tsofaffi. Ka gaida mahaifiyarka da maiɗakinka da yara. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yi maka albarka.

Baffanka.