Agogon hannu na aikin agajin gaggawa: wanne ya fi?

Malam, ka ce kana aikin motar asibiti a Katsina, kana neman agogo mai ƙarko da sauƙin kuɗi.

Fara duba ko agogon yana nuna sakan. Da shi za ka ƙirga bugun jini: ka ninka bugun sakan 15 sau 4, ko na sakan 30 sau 2. Ya kuma nuna awa 24 da fitila, don rubuta lokacin da aka ɗaure jijiya ko aka ba da magani cikin dare.

Madauri kuwa na roba. Fata tana shan jini da gumi har ta yi wari, ƙarfe kuma yana ɗaukar wutar lantarki. Robar ka wanke da ruwa da sabulu; yawan goga mata sanitaiza yana busar da ita ta tsage.

Casio F-91W ya fi araha, batirinsa CR2016 yana kai shekara 7, amma yayyafi kawai yake jurewa. Casio W-800H ya fi shi, yana jure ruwa har mita 100. In aljihu ya yarda, G-Shock DW-5600 mai mita 200 shi ne mai jure faɗuwa da bugu. Agogon zamani mai caji dai ka bar shi, ga halin wutarmu.

Jabu sun cika kasuwa. A F-91W danne maɓallin dama sakan 3. Na asali zai rubuta CASIo, kodayake wasu jabun ma sun kwaikwayi hakan.

Ranar canjin batir, tsaya a kan mai gyara ya mayar da zoben robar murfin daidai. In ya goce, ƙurar hunturu da gumi za su shiga.