Hukuncin tafiya yawon buɗe ido zuwa tsibiran da ke da duwatsu masu aman wuta

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina da niyyar yin hutun mako biyu a tsibiran Azores na ƙasar Fotugal. Wani ɗan'uwa ya ce mini ƙasar da wuta ke fitowa daga cikinta ƙasar azaba ce, bai halatta Musulmi ya je kallonta ba. Shin haka ne? Idan kuma ya halatta, yaya zan yi da salla da tsarki da abinci?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Asalin tafiya a bayan ƙasa halal ne, hukuncinta yana bin niyyar mai yin ta da abin da zai aikata a cikinta, kuma Allah ya ce a Suratul Ankabut, aya ta 20, a yi tafiya a cikin ƙasa a duba yadda ya fara halitta. Azores tsibirai ne 9 a tsakiyar tekun Atlantika, kimanin kilomita 1,400 yamma da Lisbon, dukkansu kuwa narkakken dutsen da ya ɓullo daga ƙarƙashin teku ne ya gina su. Wanda ya tsaya a gaban baƙaƙen duwatsunsu ya tuna aya ta 27 ta Suratu Faɗir, inda aka ambaci duwatsu masu zanen fari da ja da kuma baƙi wuluk, ya yi kallon da shari'a take so.

Maganar ɗan'uwanka tana da tushen da aka ɗora a inda bai dace ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijr, mazaunin Samudawa, a tafiyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga wurin sai suna masu kuka, ya kuma umarci a zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu. Dalilin hanin shi ne wahayi ya bayyana cewa an halaka mutanen wurin saboda kafircinsu, babu kuwa wani nassi irin wannan a kan tsibiran da kake tambaya. Aman wutar dutsen Capelinhos a Faial, ɗaya daga cikin tsibiran Azores, wanda ya fara a watan Satumba na 1957 ya ɗauki kimanin watanni 13, ya rufe gidaje da gonaki da toka, ya binne ƙasan hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, ya sa dubban mutane suka yi ƙaura zuwa Amurka. Wannan aya ce mai tsoratarwa, amma cewa azaba ce da aka saukar wa mutanen Faial magana ce a kan gaibu, kuma ina jin tsoron Allah ga duk wanda ya furta ta ba da hujja ba.

Abin da ya fi damuna da tafiyarka shi ne salla. A mazhabar Malikiyya, matafiyin da ya nufi tsawon baridi 4, wato kimanin kilomita 80, sunna ne ya yi ƙasaru, ta tudu ya bi ko ta ruwa, matuƙar tafiyar ba ta saɓo ba ce. Malamai sun karhanta ƙasarun ga mai tafiyar wasa zalla, sai dai hutun da ake nufin wartsake jiki da lura da halittar Allah ba na ganin ya shiga wannan babi. Idan ka ƙudurta zaman kwana 4 cikakku a gari guda, kamar Ponta Delgada, to ka cika sallarka tun daga isarka. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi, kuma da yake Musulmi 'yan tsiraru ne a can, kada ka sa ran jin kiran salla, ka tanadi jadawalin lokutan wurin. Alƙibla daga tsibiran kusan gabas ce sak, da ɗan karkata kaɗan zuwa arewa.

Jirgin ruwa yana da nasa hukunci. Mashahurin zance a mazhabarmu shi ne rangwamen haɗa salloli biyu na matafiyin tudu ne ban da na teku, don haka a cikin jirgi za ka yi kowace salla a lokacinta, a tsaye idan ka iya, kana juyawa zuwa alƙibla duk sanda jirgin ya juya. Malamai sun ce ko a tafiyar hajji teku tana zama uzuri ga wanda jiri da amai za su sa ya tozarta rukunin salla, to ina ga tafiyar hutu? Tsallakawa daga Faial zuwa tsibirin Pico ta kusan rabin sa'a ce, ba ta da matsala, amma doguwar tafiya tsakanin tsibirai masu nisa, idan ka san teku tana kayar da kai, ka bi ta jirgin sama.

Tsarki kuwa da sauƙi. Ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa a Furnas, a tsibirin Sao Miguel, duk da warin farar wuta da jan launin ƙarfe da ke tare da shi, alwala da wanka suna inganta da shi, domin ƙasar da yake kwance a kanta ce ta canza shi, irin wannan canji kuwa ba ya fitar da ruwa daga asalinsa. Abin kiyayewa shi ne wuraren wankan da maza da mata ke cakuɗuwa da tsiraici, waɗannan ka nisance su.

A Furnas ɗin ne ake binne tukunya a cikin ƙasa mai zafi na tsawon sa'o'i har abincin ya nuna. Wannan hanyar girki babu laifi a cikinta, amma sanannen dafa-dukan da ake kai wa baƙi yana ɗauke da naman alade da tsiran jini a tukunya guda da sauran nama da kayan lambu, don haka dukkansa haramun ne, tsince naman gefe ba ya halatta romon. Ka nemi kifi ko kayan lambu a tukunya mai tsarki, ka tambaya ko an zuba giya, ka kuma kauce wa zaman ɗanɗana giya da ake shirya wa masu ziyarar gonakin inabin Pico.

Dutsen Pico, mai tsawon mita 2,351, shi ne mafi tsawo a duk Fotugal, kuma hukuma ta shar'anta wa mai hawansa ya yi rajista ya karɓi na'urar da ke nuna inda yake. Bin wannan doka, da rashin tsallake shingen da aka kewaye ramukan tafasasshen ruwa da shi, wajibi ne a kanka, saboda alkawarin da ka shiga ƙasar da shi da kuma hanin jefa kai cikin halaka da ke Suratul Baƙara, aya ta 195. Idan aka rufe hanya saboda hazo ko girgizar ƙasa, ka haƙura ko da ka riga ka biya kuɗin. Wallahu a'alam.