Tambaya daga Tawa: Allon go za mu saya ko malami za mu biya?

Tambaya: Malam, mu shida ne 'yan fada ɗaya a Tawa, biyu sun tafi karatu Yamai. Mun fara wasan go, wanda ake kewaye fili da duwatsu a kan allo, a waya, muna so mu riƙa haɗuwa ta intanet don mu ƙware. Mun tara jika talatin. Allo da duwatsu za mu sayo daga waje, ko malami za mu biya?

Amsa: Ƙannena, ku riƙe kuɗinku tukuna. Cikakken allon go layi 19 ne tsaye, 19 kwance, mahaɗa 361, da duwatsu baƙaƙe 181 da farare 180. Kaya ne mai nauyi, kuɗin kawo shi Tawa zai iya fin kuɗin sayensa, kuma na Yamai ko taɓa shi ba za su yi ba. Wanda hannunsa ke ƙaiƙayi ya ba kafinta katako, ya ja layukan, ya sayi maɓallan riga baƙaƙe da farare a kasuwa.

Wurin wasa kuwa, OGS, shafin wasan go a intanet, kyauta ne kuma yana buɗewa a waya. Yana da wasan da ba na gaggawa ba, inda za ka sa dutsenka da safe abokinka ya amsa da dare. Shi ya dace da mu, don in wuta ta ɗauke ba a cinye ka da agogo. Ku fara da ƙaramin allo mai layi 9, wasa ya ƙare kafin a sauke shayi na biyu.

Amma abin da zai ɗaga ku shi ne bita. Ku tsai da dare ɗaya a mako. Mutum ɗaya ya kawo wasan da aka cinye shi, ba wanda ya ci ba, ya tura fayil ɗin SGF, wato wanda ke ɗauke da yadda wasan ya gudana, a WhatsApp. Ku tsaya a wuri uku kawai. Mai wasan ya fara faɗin abin da ke ransa: "Na sa nan ne don ina tsoron a yanke ni." Sauran su biyo, gwaninku ya yi magana a ƙarshe, in ba haka ba kowa zai ce "haka ne" a watse. Za ku ga masu hannun dara suna ta bin dutse ɗaya don su ci, abokin wasa kuwa yana can yana kewaye fili, alhali fili ake ƙirgawa.

Tsakanin mako, kowa ya warware tsumego biyar kullum, wato matsalolin rai da mutuwa, har ya gane cewa rukuni mai ido biyu, wato gurabe biyu daban da ya kewaye, ba ya ciyuwa. Mai rauni kuma a ba shi duwatsun sassauci, wato waɗanda zai jera kafin a fara wasa, har tara ana bayarwa, kada ya gaji ya gudu.

Na san za ku ce ga kwamfuta. Tun da shirin kwamfuta AlphaGo ya doke gwanin go Lee Sedol 4 da 1 a 2016, kowa ya koma tambayar na'ura. KataGo, wani shirin irinsa, kyauta ne, sai dai yana nuna inda ka kauce ba tare da gaya maka dalili ba, mai kyu 25 (matakin sabon shiga, lambar tana raguwa in ana ƙwarewa) kuma dalilin yake buƙata. Ku duba shi bayan kun gama gardamarku.

Malami ya jira sai kun kusa kyu 10, sannan ku biya zama ɗaya ya yi muku bita ku duka. Kafin nan, jika talatin ɗin ta tafi kuɗin intanet na duk wanda aljihunsa ya bushe ranar haɗuwa.