Sakamakon EEG ya fito babu komai, amma likita ya ce farfaɗiya ce

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba yarinya lafiya.

Kin ce ɗiyarki mai shekara 8 ta faɗi tana jijjiga sau biyu cikin wata uku, an yi mata gwajin ƙwaƙwalwa na EEG bai nuna komai ba, amma likita ya ce farfaɗiya ce, ya ɗora ta kan magani, kuma yana so a sake gwajin bayan an hana ta barci. Kina tambaya ko ki dakatar da maganin tunda gwaji ya wanke ta, da kuma ko yawan sa wa yarinya lantarki a ka ba zai taɓa ta ba, tunda wani ya ba ki labarin gwajin yana jan mutum da lantarki. Ni ba likita ba ce. Ni ce mai liƙa wayoyin a kan majinyaci, in zauna gaban kwamfuta ina kallon zanen yana tafiya, shekara 12 ke nan. Abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Don Allah kada ki dakatar da maganin nan da kanki. Wata uwa ta taɓa kawo mana yaronta, ashe kwana uku kafin ranar gwaji ta daina ba shi magani, wai don ciwon ya fito fili a na'ura. Niyyarta mai kyau ce. Ko awon kansa ban gama ba jijjiga ta kama shi, ta ƙi tsayawa, sai da aka garzaya da shi ɗakin gaggawa. Ya tashi, alhamdulillahi, amma fuskar matar nan ba ta fita daga raina ba har yau. Idan ana buƙatar rage magani saboda gwaji, likita ne zai faɗa, kuma galibi sai an kwantar da mutum ana lura da shi.

Maganar lantarki kuwa, ki kwantar da hankalinki. Na'urar ba ta tura komai cikin kai, saurare kawai take yi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da lantarki suke aika wa juna saƙo, ɗan kaɗan daga ciki yake ratso ƙoƙon kai ya iso fata. Ƙanƙantarsa ta kai da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ake auna shi, alhali batirin tocila guda bolt 1.5 ne. Shi ya sa ƙyafta ido, ko tauna, ko gumi ma sukan ɓata mana zane. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar wannan zane daga kan mutum a 1924 a garin Jena, ya wallafa a 1929, kuma abin da ya lura da shi kullum sai na gan shi: mutum ya rufe ido, igiya mai kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa ta bayyana a ƙeyarsa, ya buɗe ido ta ɓace. Jarirai 'yan kwana ɗaya ma ana yi musu gwajin nan.

Ina zaton wanda ya ba ki labarin jan lantarki wani gwajin daban aka yi masa, na jijiyoyin hannu ko ƙafa, wanda ake yi wa mai fama da mutuwar yatsu ko jin kamar ana tsira masa allura. A wannan kam ana ɗan jan jijiya da lantarki, a auna saurin saƙon, wanda a lafiyayyen hannu yakan wuce mita 50 a daƙiƙa. Wani lokaci a haɗa da siririyar allura a tsoka, shi ne EMG. Babu daɗi, amma ba ya lahani, kuma ba shi za a yi wa ɗiyarki ba.

To, me ya sa gwaji bai nuna komai ba amma aka ce farfaɗiya ce? Nan ne iyaye suka fi rikicewa, kuma ban ga laifinsu ba. Gwajin da aka saba yi minti 20 zuwa 40 ne kawai. Ƙwaƙwalwar mai farfaɗiya ba kullum take cikin hargitsi ba. Yawancin lokaci lafiya lau take aiki, sai jefi-jefi wani tartsatsi ya tashi ya lafa. Idan bai tashi cikin mintunan da yarinya take kwance a gabana ba, zanen zai fito tsaf. Kamar ki je gidan mutum sau ɗaya ki yi sallama ki ji shiru, ba za ki ce ba ya zaune a gidan ba. Kusan rabin masu farfaɗiya ta haƙiƙa, ko ma fiye, gwajinsu na farko ba ya nuna komai, sai an maimaita ake kama mafi yawansu. Akwai kuma tartsatsin da ke tashi can cikin lungun ƙwaƙwalwa, wayoyin da ke kan fata ba sa jin sa sosai. A ɗaya gefen, wasu 'yan tsiraru zanensu yakan nuna alama alhali ba su taɓa faɗuwa ba, kuma ba a ba su magani don takarda kawai.

Saboda haka da labarin abin da ya faru likita yake yanke hukunci, gwaji taimako ne. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce faɗuwa biyu da ba zazzaɓi ko faɗuwar sukari ko wani dalili na nan take ya jawo ba, kuma tsakaninsu ya wuce awa 24. Yadda kika bayyana, likitanku bai kauce hanya ba. Amfanin EEG shi ne ya nuna wace iri ce, daga gefe ɗaya take tasowa ko duk ƙwaƙwalwa take kamawa lokaci guda, domin maganin da ya dace da wata irin yana iya tsananta wata. Hoton MRI kuma, idan an ce a yi, ginin ƙwaƙwalwar yake dubawa, ko da tabo ko ƙari. Kowanne da aikinsa.

Hana barcin da ya tsorata ki dabara ce ta fito da abin da ya ɓuya. Gajiya da gyangyaɗi da farkon barci su ne lokutan da tartsatsin ya fi tashi. Na sha ganin yaro idonsa biyu zanensa tsaf, yana fara gyangyaɗi sai ga tsinin nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Za su gaya miki awa nawa za ta kwanta a daren, ki bi abin da suka ce daidai. Inda iyaye suka fi faɗuwa shi ne a mota: an sha wahalar dare, yarinya ta yi barcinta a hanya, ta iso garau. Ki samu wanda zai zauna kusa da ita yana jan ta da hira.

Ki wanke mata kai da sabulu, kada ki shafa mai ko kaɗan, domin mai yana hana wayoyin kamawa. Idan da kitso, ki tambaye su tun kafin ranar, sau da yawa sai an tsefe. Ta karya kumallo, yunwa tana canza zanen. Ta sha maganinta a kan lokaci. Za a auna kanta da tef, a ɗiga alamu, a liƙa 'yan faya-fayai kamar maɓalli wajen 21 da wani abin liƙi mai kauri da ruwan ɗumi ke wankewa. Za a sa ta yi numfashi da ƙarfi na minti 3, sannan a haska mata fitila mai walƙiya. Numfashin yakan sa jiri kaɗan, ya wuce. Shi ne kuma yake tono wata irin farfaɗiyar yara da ba a faɗuwa, yaro ya yi tsai yana kallon wuri ɗaya na 'yan daƙiƙu, ana ta yi masa faɗa a aji wai ba ya mai da hankali.

Abin da za ki iya yi wanda na'urata ba za ta iya ba shi ne bidiyo. Allah ya kiyaye, amma idan ya sake faruwa, ki kwantar da ita a gefenta, ki janye abin da zai ji mata ciwo, kada ki sa mata cokali ko yatsa ko ruwa a baki, kada ki danne ta. Wani ya ɗauka da waya, fuska da hannuwa da ƙafafu su fito, ya duba agogo. Na ga bidiyon minti ɗaya ya warware abin da gwaji uku suka kasa. Ki riƙa rubuta rana da lokaci, ko tana barci ne ko idonta biyu, ko idonta ya juya gefe ɗaya, da tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo hayyacinta. Idan jijjigar ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko wata ta biyo baya kafin ta farfaɗo, asibiti kai tsaye, kada ki jira gari ya waye.

Idan gwaji na biyun ma ya fito babu komai, akwai na awa 24 ko fiye, wanda ake haɗawa da kyamara. Ki tambayi likitanku a kansa, ki tafi masa da littafin da kike rubutu a ciki.