Shin azurfar Faris ta rage wa Adam Peaty daraja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli Olamfik ta Faris a 2024, na ga ɗan Birtaniya Adam Peaty ya zo na biyu a iyon kwaɗo na mita 100. To me ya sa masu sharhi suke ta cewa ba a taɓa yin irinsa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, a makare ka riski labarin, shi ya sa.

Cikin salon iyo huɗu da ake gasa da su, iyon kwaɗo ne mafi nawa. Hannuwa da ƙafafu duk sai sun tankwashe a cikin ruwa kafin su sake turawa, ruwan kuma yana danne mai iyo a kowane bugu. Wanda ya rage rabin daƙiƙa a wannan salon ya sha wuya ba kaɗan ba. Peaty, haifaffen garin Uttoxeter a Ingila a 1994, wanda yana yaro ko wanka tsoro yake ba shi, ya rage fiye da haka. Kocinsa Mel Marshall ta horar da shi a kan bugu mai sauri, ba ya barin jiki ya tsaya tsakanin bugu da bugu.

A Afrilun 2015 ya yi mita 100 a daƙiƙa 57.92, shi ne na farko a duniya da ya sauka ƙasa da 58. A Olamfik ta Riyo a 2016 ya ci zinariya da 57.13, wadda rabon wani namiji ɗan Birtaniya ya samu a iyo tun Adrian Moorhouse a 1988. Sai gasar iyo ta duniya a Gwangju ta Koriya ta Kudu a 2019, inda ya yi 56.88. Wannan lambar ce hujjata mafi ƙarfi, domin a lokacin, in ban da shi, babu wani mahaluki da ya taɓa ko da 57.99. A Olamfik ta Tokiyo kuma ya sake ɗaukar zinariyarsa.

Daga nan abubuwa suka cuɗe. Ya karye a ƙafa a 2022, ya zo na huɗu a gasar Commonwealth ta Birmingham. A 2023 ya janye daga gasa, ya fito fili ya ce yana fama da ciwon damuwa da shan giya. Ni dai ina ganin girmansa a kan wannan gaskiyar da ya faɗa.

Mutumin da ka gani a Faris ke nan, wanda ya taso daga wancan halin. Ya yi 59.05, ɗan Italiya Nicolò Martinenghi ya riga shi taɓa bango da 59.03. Washegari gwaji ya nuna Peaty yana ɗauke da korona. Da wani zai yi 56.88 ɗinsa a wannan daren, da ya bar mai zinariyar a baya da fiye da daƙiƙa biyu.