Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan zuwa Sanchi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka rako ƙaninka karatu Bhopal ta ƙasar Indiya, kana da kwana biyu kafin ka juyo, an ba ka shawarar zuwa Sanchi, amma kana tantama ko wurin ya kai a ɓata masa yini, kuma ko Musulmi zai sake a wurin ibadar mabiya addinin Buda. Na zauna a Bhopal lokacin karatuna, sau uku kuma na hau dutsen da wurin yake a kansa. Shawarata ita ce ka je, amma ka yi sammako, kuma kada ka je da gaggawa.

Tafiyar ba ta da wahala. Kilomita 46 ne daga Bhopal ta arewa maso gabas, awa ɗaya da 'yan mintuna a mota, akwai kuma jirgin ƙasa da ke tsayawa a ƙauyen. Daga tasha a-daidaita-sahu zai kai ka har bakin ƙofa a kan dutsen. Zuwana na farko a watan Mayu ne, na isa da hantsi ya dubi ludayi, na taka da ƙafa daga ƙasa. Na sha wuya, don zafin wannan yanki kafin saukar damina bai da maraba da na Sakkwato a watan Afrilu, ga dutse yana mayar da shi. Daga Oktoba zuwa Maris ne lokacin da ya fi daɗi. Ka riƙe gorar ruwa da hula, ka tafi da fasfonka, ka kuma sani cewa kuɗin shigar baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa.

Da ka hau, abin da zai fara tarar ka shiru ne. Ciyawa a share, bishiyoyi, gonaki shimfiɗe a ƙasa iya ganinka. A tsakiya ga babbar tulluwar da suke kira stupa, faɗinta wajen mita 36, tsayinta ya ɗan haura mita 16. Mutane da yawa suna zagayawa suna neman ƙofar shiga cikinta, alhali ba ta da ciki. Curi ce a cike, an yi ta don adana abubuwan da suke girmamawa na Buda. Sarki Ashoka ne ya fara gina ta da tubali a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya aka faɗaɗa ta aka lulluɓe da dutse. Shi Buda bai taɓa taka Sanchi ba. Abin da ya haɗa Ashoka da wurin shi ne matarsa Devi, 'yar wani attajiri a Vidisha, garin fatake mai nisan kilomita 10 daga nan.

Inda nake so ka ɓata lokacinka shi ne ƙofofin dutse guda huɗu da ke gabas, yamma, kudu da arewa. Ni sai a zuwa na biyu na gane su, da na ɗauki ɗan jagora. A duk sassaƙar da ke jikinsu, ga giwaye, ga dawakai, ga sarakuna da talakawa, ga mata na ɗiban ruwa, amma babu siffar Buda ko ɗaya. Inda ya kamata a gan shi sai ka ga sawun ƙafa, ko kujerar da babu kowa a kai, ko bishiya, ko ƙafar keken doki. A ƙofar gabas akwai inda aka nuna fitarsa daga gidan sarautar mahaifinsa: doki ne ba mahayi, ana riƙe masa laima, an maimaita shi daga wannan gefe zuwa wancan, har ya kai ga sawun ƙafa, sannan ka ga dokin ya juyo ba laima. Na daɗe a tsaye a gaban wannan. Mu da muka tashi a al'adar da ke ƙin suranta annabawa, wannan kawaici na masassaƙan ya taɓa ni ƙwarai. Mutum-mutumin Buda guda huɗu da za ka gani a zaune bayan ƙofofin, sai wajen ƙarni na 5 miladiyya aka ƙara su.

Ka duba jikin shingen dutsen da ya kewaye tulluwar da kyau, za ka ga gajerun rubuce-rubuce birjik. Sunayen waɗanda suka ba da gudummawa ne, sufaye maza da mata, 'yan kasuwa, masu sana'a, kowa da dutsen da ya biya, kamar yadda ake karo-karon gina masallacin unguwa. A ƙofar kudu ma an rubuta cewa masu sassaƙa hauren giwa na Vidisha ne suka yi wani sashe na aikin, shi ya sa sassaƙar dutsen ta fito da kyau kamar aikin haure. Da yake kusan duk rubutun yana ƙarewa da kalma ɗaya mai ma'anar kyauta, ita ce ta taimaki wani masani ɗan Ingila, James Prinsep, ya warware Brahmi, tsoffin haruffan da aka yi rubutun da su, a 1837. Kusa da ƙofar nan ta kudu akwai guntun ginshiƙin Ashoka. Ana ba da labarin wani mai gonaki ne ya farfasa shi don ya yi abin matse rake da shi.

Sai batun da ya fi damun ka. Ba wanda zai ce ka rusuna ko ka kunna turare. Hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya ce ke riƙe da wurin, kuma yawancin masu zuwa 'yan makaranta ne da iyalai. Za ka ci karo da masu ziyara daga Siri Lanka cikin fararen kaya suna zagaya tulluwar, suna barin ta a hannun damansu. Ka ba su hanya, ka rage murya, kada ka cusa musu kyamara a fuska, kada kuma ka hau gini don ɗaukar hoto. Inda ake ibada sosai shi ne sabon ɗakin da aka buɗe a 1952, wanda ke riƙe da ragowar ƙasusuwan manyan almajiran Buda biyu, Sariputta da Moggallana, waɗanda Turawa suka tono a 1851 suka kai Ingila kafin a dawo da su. A can ake cire takalmi. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka wuce shi, ba abin da ya rage ka da shi.

Abin da ya kwantar mini da hankali ni kaina shi ne sanin waɗanda suka tsare wurin. Bayan ya yi ƙarnoni a yashe cikin daji, wani hafsan sojan Ingila ya ci karo da shi a 1818, masu haƙa suka yi masa ɓarna, har Faransawa suka nemi a ba su ƙofar gabas su kai ƙasarsu, amma daga ƙarshe kwafinta kawai suka samu. Sarauniyoyin Bhopal, Musulmi, Shah Jahan Begum da 'yarta Sultan Jahan Begum, su ne suka zuba dukiyarsu wajen adana shi. John Marshall, Baturen da ke shugabantar hukumar kayan tarihi a lokacin, ya yi aikin gyaran daga 1912 zuwa 1919, a zamanin ita 'yar, ita ce kuma ta ɗauki nauyin gidan adana kayan tarihin da aka fara ginawa a kan dutsen, wanda daga baya aka mayar gindinsa. UNESCO ta sanya wurin cikin kayan gadon duniya a 1989. Idan kana da takardar rupi 200 a aljihu, juya bayanta, hoton Sanchi ne.

Kada ka sa tafiyar ranar Juma'a, gidan adana kayan tarihin a rufe yake, ga shi za ka so ka sami jam'i a Bhopal. Awa uku a kan dutsen sun ishe ka. Abinci kuwa, ka ci na ganye a ƙauyen, ka bar nama sai ka koma tsohon garin Bhopal inda Musulmi suke da yawa. Ni nakan bar Sanchi da azahar, in yi la'asar a Taj-ul-Masajid, babban masallacin da ita Shah Jahan Begum ɗin ta aza harsashinsa. Allah ya kai ka lafiya, ya ba ƙanin naka sa'ar karatu.